Ranar da Muka Binne Kyafaffen Rema

Ni ce na buga takardar da hannuna, saboda haka ba ni da bakin cewa ban sani ba.

A shekarar da aka mayar da tuƙin mota hannun dama na sami aikin buga tafireta a ofishin wata makarantar sakandare a Kafanchan. Duk abin da malamai za su raba wa ɗalibai ta teburina yake bi. Wasu malaman sai na bi su har ɗakinsu in tambaye su abin da suka rubuta, su ma su karɓi takardar su tsaya suna jujjuya ta. Mutum ɗaya ne ban taɓa bi ba, shi ne malamin kimiyya. Shi da rula yake jan layi, ko da wasiƙar neman hutu yake rubutawa.

Dogo ne siriri, mutumin wajen Kajuru, ɗan mai bishara. Kullum farar riga, kullum biro biyu a aljihu, ja da shuɗi. Aibinsa ɗaya ne, amma babba: ba ya ƙarya, ko a inda ƙarya za ta zama sadaka. In ka tambaye shi ko miya ta yi daɗi, daga gishiri zai fara yi maka bayani. Ya yanki tsohon gidan sauro ya ɗinka 'yar jaka, ya ɗaura ta a bakin sanda, duk Asabar sai ya hau keke ya nufi kurmin da ke gindin duwatsu yana bin malam-buɗe-littafi. Matan kasuwa sun daɗe da yanke masa hukunci. Sun ce mai albashin da ke gudu cikin rana yana bin abin da ba ya shiga miya, boko ne ya taɓa shi.

Wata Litinin ya ajiye mini takarda a tebur, ya raba ta gida biyu da jan biro. A hagu ya rubuta rema, a dama malam-buɗe-littafi, yana so 'yan aji uku su kwatanta su. Ga wanda bai tashi kusa da dutse ba, rema ya yi kama da zomo, sai dai kunnuwansa gajeru ne, kuma ba shi da wutsiyar kirki. A tsagar duwatsu yake zama, da hantsi ya fito ya baje yana shan rana. Na fara bugawa. Rema yana da ƙashin baya, malam-buɗe-littafi ba shi da ƙashi ko ɗaya. Wannan ƙafa huɗu, wancan shida. Remaye haihuwa suke yi su shayar, shi kuwa wancan daga ƙwai sai tsutsa, tsutsar ta naɗe kanta ta yi kwanaki shiru, sannan ta fito da fukafukai. Dangin malam-buɗe-littafi su ne fara da ƙudan zuma da tururuwa. Da na zo kan dangin rema sai na ɗage hannu, domin abin da ya rubuta shi ne giwa.

Na ɗauki takardar na same shi, ina cewa a raina yau dai na kama shi.

"Malam, ka yi kuskure a nan. Gafiya kake nufi."

"Giwa nake nufi, Sista," in ji shi.

Ya jawo mini kujera. Ya zana mini tafin ƙafar rema da faratansa masu faɗi, ya zana na giwa a gefe. Ya ce haƙoransa biyu na sama ƙananan haure ne, kuma uwar kan yi wata bakwai da ciki, abin da ɓera ko zomo ba ya yi. Bayanin ya cinye mana hutun rana har sau uku. A na huɗu ya zo da dafaffiyar gyaɗa. Haka aka fara, kuma har yau ban ji wata da aka nema da faratan rema ba sai ni.

Layin ƙarshe na takardar shi ne halin da kowannensu yake ciki, wato ko yana ƙaruwa ko yana shirin ƙarewa. Nan ne muryar Malam take canjawa. Ya ce akwai wani littafi da Turawa ke jera dabbobin da ke bakin ƙarewa a duniya, kuma babu ko ɗaya daga cikin biyun nan a ciki, amma masu littafin ba su taɓa hawa keke su zagaya ƙasar Kafanchan ba. Akwai wani babban malam-buɗe-littafi baƙi mai ratsin shuɗi a fukafukai, a kurmi kaɗai ake ganinsa, domin tsutsarsa ganyen wasu itatuwan kurmi kawai take ci. Kurmin kuwa kowace shekara ana ƙara sare shi ana shuka citta. Rema kuma mafarauta sun share shi daga duk duwatsun da ke kusa da hanyar jirgi, suna kyafewa suna kai wa matafiya a tasha. Dutse ɗaya ne ya rage da har yanzu suke nan birjik, kuma ya rasa dalili. Ya ambaci sunan dutsen. Dutsen ƙauyenmu ne.

"Ina zargin ƙasar wurin ce, ko wata ciyawa," in ji shi.

Na ce, "Wataƙila ƙasar ce."

Ga abin da ban gaya masa ba. A zuriyarmu rema kawu ne. Ba wasa ba, ba kirari ba. Sunan da muke kiran ɗan'uwan uwa da yarenmu, da shi muke kiransa. Tsofaffi sun ce a zamanin hari kakanmu na fari ya ɓuya a wani kogo da matarsa da jinjiri. Mahara suka biyo sawu har bakin kogon, suka tarar da rema zaune yana shan rana ko gezau bai yi ba, suka ce da akwai mutum a ciki da wannan matsoracin bai zauna ba, suka wuce. Tun daga ranar ba ma kashe shi, ba ma cinsa, ba ma jifansa ko da ya shiga gonar wake. In an tsinci gawarsa, binne shi ake yi kamar mutum.

Me ya hana ni faɗa? Kunya, ba wani abu ba. Ni 'yar birni ce mai takalmi mai tsini, ni ke ɗaga waƙa a ƙungiyar mawaƙan majami'a, ina buga Turanci ba tare da na dubi yatsuna ba. Ta yaya zan buɗe baki in gaya wa malamin kimiyya, ɗan mai bishara, cewa abin da ke gidan hagu na takardarsa kawuna ne? Na kuma ɗauka maganar ta mutu. Babana ma'aikacin jirgin ƙasa ne, dattijo ne a ikilisiyarmu tun kafin in yi wayo, kuma kullum cewa yake waɗannan abubuwa na duhu sun wuce. Sai dai bai taɓa cin rema ba. In an tambaye shi sai ya ce yana ɓata masa ciki, ba wanda ya taɓa tambayarsa yadda aka yi ya sani.

Bayan shekara guda magana ta kai ga gaisuwar iyaye. Ko da yake muna zaune a Kafanchan, a wurinmu ba uba ke ba da 'ya ba, babban gida ke bayarwa. Babban gidanmu kuwa yayan Baba ne, wanda muke kira Baba Babba, yana can ƙauye a gindin dutse. Bai taɓa shiga majami'a ba sai ranar da ruwa ya tare shi a bakin ƙofarta. Mama ta lissafa mini abin da za a kawo, na kai wa Malam a rubuce: akuya, gishiri, garma, da zane. An riga an karanta sanarwar aurenmu sau ɗaya a majami'a, saura biyu.

Suka iso ƙauyen wata Asabar bayan kaka, Malam da baffansa. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin ɗorawa, maza a gaba, mu mata a baya wajen rumbuna. Aka gabatar da akuya, Baba Babba ya taɓa haƙarƙarinta ya gyaɗa kai. Aka kawo gishiri da garma da zane. Har na fara sakin numfashi sai na ga Malam ya sa hannu a jaka ya fito da wani ƙunshi cikin takardar siminti, an ɗaure shi da igiyar rama. Wannan ba ya cikin abin da na rubuta. Daga baya na ji cewa a wajensu naman da ke cikin ƙunshin na manya ne, ba a kai wa kowa sai wanda ake girmamawa, kuma sati biyu ya yi yana zarya a kasuwa kafin ya samu.

Baba Babba ya kwance igiyar a hankali, ya buɗe takardar. Mafarauta ba sa cire ƙafafun, don mai saye ya tabbatar ba a haɗa shi da gafiya ba. Daga inda nake zaune na hango su, ƙanana, a lanƙwashe, da faratan nan masu faɗi da aka zana mini.

Har akuyar ta daina tauna. Mama ta ɗora hannu biyu a ka. Sai uwargidan Baba Babba ta kurma ihu irin na mutuwa, sauran matan suka karɓa. Malam ya waiwaya yana neman wanda ya faɗi.

Baba Babba ya ɗaga hannu aka yi shiru. Hausarsa ta kasuwa ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

"Ticha, wanene ya kashe shi?"

"Saya na yi a kasuwa, Baba."

"Daga wane dutse aka kawo shi?"

Duk mai hankali a duniya cewa zai yi bai sani ba. Malam ya gyara zama.

"Mai sayarwa bai faɗa ba, Baba. Amma bisa ga abin da na bincika, babu sauran rema a duwatsun da ke kusa sai a wannan naku. Saboda haka ina kyautata zaton daga nan ne."

Matan suka sake ɗaukar kuka, wannan karon da ƙarfi. Baffan Malam ya sunkuya yana tambayar na kusa da shi abin da ke faruwa, aka raɗa masa, sai ya ja tabarmarsa baya kaɗan.

"Yarinya nan bai gaya maka ba?" in ji Baba Babba. "Wannan kawunmu ne ka kawo mana a takarda."

Ya ba shi labarin kogon tun daga farko, bai tsallake komai ba. Malam ya saurara kamar yadda yake so 'yan aji su saurare shi. Da aka gama Baba Babba ya ce, "Ku a makaranta, menene kuna ce da shi?"

"Dangin giwa ne, Baba."

Na ga maganar ta ɗan yi wa tsohon daɗi, ko da yake ba lokacin jin daɗi ba ne.

"To. Dama mun san ba ƙaramin gida ya fito ba." Ya nuna shi da sandarsa. "An ce kana kama wannan mai fiffike na kurmi. Shi wanene yana da shi?"

"Ba na kowa ba ne, Baba."

"In ya mutu wanene yana binne shi?"

"Ba a binne shi. Allura nake soka masa in ajiye a akwati, don kada ya ƙare ba a san an yi shi ba."

"To kashe abinka, ba mai tambayanka. Wannan kam yana da mutane."

Nan fuskar Malam ta washe. A tsakiyar makoki, gaban gawa, gaban surukai, mutumin nan ya buga cinya ya ce, "Ashe ba ƙasar ba ce!" Har ya zaro shuɗin biro yana laluben takarda. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ban tsaya neman takalmina ba.

Baba Babba ya faɗi hukunci, kuma ba shi ya ƙirƙira ba, haka aka gada. Wanda ya shigo da gawar gida shi zai haƙa kabari a kan dutse, ya durƙusa ya nemi gafara, a zuba burkutu a rufe. In bai yi ba, ba wanda zai ƙara sa hannu a ƙwarya ɗaya da shi a zuriyar nan, balle a ba shi 'ya. Baffan Malam ya miƙe ya kaɗe rigarsa, ya ce su ba su zo bautar gumaka ba, ɗan mai bishara ba zai durƙusa wa banda ba, Malam ya tashi su kama hanya. Kowa ya juya ya dubi Baba, tunda shi ne dattijon ikilisiya kuma shi ne uban yarinya. Baba yana duban takalminsa.

Malam ya nemi izini ya yi magana da ni. Muka zagaya bayan rumbu.

"Kin sani?"

"Na sani."

"Tun ranar da kika buga takardar?"

"Tun ranar da aka haife ni."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

Na ce kunya na ji. Ya ce kunyar me. Sai ya tambaye ni, ba da gatse ba, irin tambayar da yake yi in yana son cike wani gida a takarda, ko ni na yarda kawuna ne. Na ce ban sani ba. Na ce abin da na sani shi ne ban taɓa ci ba, ba zan taɓa ci ba, kuma da na hango ƙafafun nan na ji kamar ranar da aka fito da gawar kakata. Ina faɗa ina kuka, ina jin haushin kaina da nake kukan. Na san in ya bi baffansa ba zan ga laifinsa ba, kuma na san in ya tafi ya tafi ke nan.

Ya mayar da biro aljihu, ya ce, "Ina garmar da na kawo?"

Da rana tsaka muka hau dutsen. Mama ta yago farin alawayyo aka naɗe mamacin. Baba Babba a gaba, Malam a bayansa da garma a kafaɗa, sai mu. Baffan ya zauna a ƙasa ya juya wa dutsen baya. Ko'ina ka duba remaye ne a kan faifan duwatsu, manya da 'ya'ya, sun zuba mana ido ba wanda ya motsa. Na ga leɓen Malam yana motsi, na ɗauka addu'a yake yi, ashe ƙirga su yake.

Ban taɓa ganin kabari mai kyan wannan ba. Kusurwa huɗu daidai wa daida, sai da Baba Babba ya ce ya isa haka, ba ɗaki aka ce ya gina ba. Farar rigar ta koma ja. Ya durƙusa, tsohon yana faɗin kalmomin neman gafara da yarenmu guntu-guntu, shi yana maimaitawa, bai san ma'anar ko ɗaya ba amma bai ci ko harafi ba. Aka zuba burkutu, aka mayar da ƙasa, aka ɗora dutse. Da na waiwaya sai na hango Baba can nesa a gindin wata bishiya, ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Da muka haɗu a hanyar sauka, ba wanda ya tambaye shi, ya ce amyar zumarsa ya zo dubawa.

A ƙauye magana ta ƙare, Baba Babba ya ci tuwo ƙwarya ɗaya da Malam ya ce ya ba shi. Amma ashe an gudu daga gara ne an faɗa gidan zago. Labari ya riga mu isa Kafanchan, kuma a hanya ya yi ƙiba: har an ce Malam ya yi rawa. Ranar Laraba Fasto ya kira majalisar dattawa. Mata ba sa shiga, amma ɗakin shawarar yana da taga, kuma a ranar na ga ya kamata a share bayan majami'a.

Na roƙi Malam tun da safe ya ce ya tuba kawai ya yi shiru. Sai ga shi ya shigo da takardar nan mai gida biyu a naɗe a hammata. Ya manna ta a bango. Ya bayyana wa dattawa cewa da malam-buɗe-littafi ya binne, da sai a ce ya zautu, domin ƙwaro ne, ba ƙashi, ba nono, tsakaninsa da mutum tafiya ce mai nisa. Rema kuwa yana da jini mai ɗumi, yana shayar da 'ya'yansa. Ya ƙara da cewa al'adar nan ita kaɗai ta tsare rema a dutse ɗaya, abin da dokar gwamnati ta kasa, kuma da malam-buɗe-littafin kurmi zai sami masu kiransa kawu, da bai kama hanyar ƙarewa ba.

"Ticha," in ji Fasto, "wannan kes ɗin ba na laboratiri ba ne. Ka durƙusa ko ba ka durƙusa ba?"

"Na durƙusa, Fasto."

"Kuma yanzu kana gaya mana dabban nan ya fi kusa da mutum. Kana nufin kai ma danginsa ne?"

"A kimiyyance, Fasto, dukanmu a nan aji ɗaya muke da shi."

Kafin ya shigo, wata uku suka shirya ba shi na horo. Da ya gama bayani suka mayar da shi shida. Horo a wurinmu shi ne a hana mutum cin Jibin Ubangiji, wato gurasa mai tsarki da ake rabawa a sujada, a hana shi kowane aiki a majami'a, kuma ba a ɗaura masa aure. Fasto ba mugu ba ne, ya ma buɗe masa ƙofa: in zai tsaya gaban jama'a ya ce dangin yarinya ne suka ruɗe shi, za a sassauta. Malam ya ce ba wanda ya ruɗe shi, shi ya nemi garma da bakinsa. Sai wani dattijo ya ce ai ko bayan wata shidan, bai dace dattijon ikilisiya ya ba da 'yarsa ga wanda ya durƙusa wa gunki ba, kowa ya ce haka ne. Fasto ya juya ga Baba.

"Dattijo, kai kana wurin da aka yi abin?"

"Na je duba amya ne," in ji Baba.

Na jefar da tsintsiyar na tafi gida. Da yamma Baba ya dawo ya zauna a tsakar gida yana goge takalmin Lahadi, tun ranar Laraba. Na tsaya a kansa na faɗa masa maganganun da 'ya ba ta faɗa wa uba. Na ce baƙo ya haƙa wa kawunsa kabari, shi ya ɓuya a bayan bishiya. Na ce a ƙauye ya yi shiru, a majami'a ya yi shiru, shin a ina ne yake da baki? Mama tana jan zanena tana cewa in ji tsoron Allah. Baba bai ɗago ba, ya dai ce a miƙo masa ɗaya ƙafar. Na yi kwana uku ban gaishe shi ba. A cikin kwanakin nan wasiƙa ta zo wa Malam daga mahaifinsa, an ce ya nemi canjin wurin aiki ya dawo gida, 'yan mata ba su ƙare ba. Ya nuna mini ita, domin ɓoye abu ma a wurinsa ƙarya ce. Bai ce zai tafi ba, bai ce ba zai tafi ba.

Ranar Lahadi majami'a ta cika maƙil, har da waɗanda rabonsu da sujada tun Kirsimeti. Can baya kusa da ƙofa akwai wani gajeren benci marar majingina, na waɗanda ke ƙarƙashin horo. A lokacin mutum biyu ne a kai, wani direba da ya ƙara aure da wata tsohuwa mai dafa burkutu. Dattawa kuwa a gaba suke zama, gefen bagadi, kan kujeru masu hannu, suna fuskantar jama'a. Ni ina cikin mawaƙa, ina ganin duka biyun.

Fasto ya karanta hukuncin, ya ce an dakatar da sanarwar auren. Malam ya tashi daga wurinsa ya taka har baya ya zauna tsakanin direba da tsohuwar, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Fasto ya buɗe baki zai kira lambar waƙa, sai Baba ya miƙe. Kowa ya ɗauka sanarwar mako zai karanta, don aikinsa ne.

"Jama'ar Ubangiji," in ji shi, "ni ma ina wurin. Na cire hula. Kuma ba ni da amya a dutsen nan, ban taɓa kiwon zuma ba."

Ya ɗauki littafin waƙarsa da madubin idonsa, ya sauko. Majami'ar doguwa ce, takalmin kuma ya sha mai, kowane taku sai ya yi ƙara. Ya bi ta tsakiya, ya wuce matan zumunta, ya wuce Mama, ya wuce ma'aikatan jirgin da yake yi wa wa'azi a wurin aiki, har ya isa bencin. Ya tsaya a kan Malam.

"Matsa, surukina."

Bencin bai isa mutum huɗu ba, sai da tsohuwar ta ɗora jakarta a cinya. Fasto ya kira lambar waƙar har sau biyu yana dubana, ni ce mai ɗagawa, amma idona yana kan bencin nan. Wata ce daga baya ta ɗaga mana.

Tare suka yi wata shidan, kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ya yi fashi ko sau ɗaya. Da wa'adi ya cika aka karanta sauran sanarwa biyun, aka ɗaura mana aure, aka mayar da Malam cikin jama'a. Kujerar Baba kuwa an riga an ba wani. Ya yi shekara goma sha ɗaya bayan haka yana zuwa sujada kowace Lahadi, ba a sake kiransa gaba ba, shi ma bai taɓa tambaya ba.